Matakan Gano Abin da Ke Sa Kwamfuta ko Burauza Ta Sandare

Kwamfuta ba ta sandarewa haka siddan. Duk lokacin da kibiya ta ƙi motsi, ko shafin intanet ya yi fari fat ya daina amsa umarni, akwai abin da ya jawo: ko aiki ya yi mata yawa, ko ta ɗauki zafi, ko wata manhaja ta riƙe ta, ko kuma wani sashe na jikinta ya fara gajiya. Abin da ke damuna shi ne saurin yanke hukuncinmu. Da an ce kwamfuta tana hangin, sai ka ji an ce a yi mata fomat. A goge komai, a zuba sabuwar Windows, a biya kuɗi, bayan ɗan lokaci ta koma gidan jiya, domin ƙurar da ta toshe fankarta tana nan inda take. Ga kuma hotuna da takardu na shekaru da suka salwanta a banza.

Ƙa'idar wannan aiki ɗaya ce: ka canza abu guda, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani, sannan ka wuce zuwa na gaba. Wanda ya taɓa abubuwa biyar a lokaci ɗaya, ko da kwamfutar ta warke, bai san me ya warkar da ita ba, kuma ranar da ciwon ya dawo sai ya fara daga farko. Matakan nan na masu Windows 10 da 11 ne, da masu burauzar Chrome, Edge ko Firefox. Sunayen wuraren da za ka latsa na bar su yadda za ka gan su a allo.

Mataki na 1: Ka tantance abin da ya sandare

Ka ɗaga hannunka daga mawus na minti ɗaya ko biyu. Yawan latse-latse ƙara mata jerin umarni yake yi, alhali tana fama da na farko. Sau da yawa za ta farfaɗo da kanta.

Idan ba ta farfaɗo ba, ka latsa Caps Lock ka dubi 'yar fitilarsa, in kibod ɗinka yana da ita. Idan fitilar tana kunnuwa tana mutuwa, Windows tana da rai, wata manhaja ce ta maƙale. Idan ta ƙi amsawa sam, to sandarewar ta kai can ciki. Sai ka latsa maɓallin Windows. In jerin manhajoji ya buɗe amma kibiya ba ta motsi, ka zargi mawus, musamman marar waya wanda batirinsa kan ƙare ba sallama.

Ka kuma raba sandarewa da rashin sabis. Shafin da ke ta juyi bai buɗe ba, amma kana iya tsallakawa zuwa wani shafin ka dawo, wannan matsalar intanet ce. Ka duba datarka ko rawutarka, ka bar kwamfutar ta huta da zargi.

Yanzu ka san rukunin da kake: burauza kaɗai, ko Windows ta yi nauyi amma tana motsi, ko komai ya tsaya cak.

Mataki na 2: Ka fitar da ita ba tare da zare waya ba

Ka danna Ctrl, Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe. Ka nemi manhajar da aka rubuta wa Not responding, ka zaɓe ta, ka latsa End task. Idan bai buɗe ba, ka gwada Ctrl, Alt da Delete, daga nan za ka iya buɗe shi ko ka sake kunna kwamfutar ta hanyar da ta dace. Idan allon ne ya daskare ko ya yi baƙi amma sauti yana fita, ka danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. Za ka ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta, domin Windows ta sake tayar da sashen hoto. Mai amfani da Mac kuwa Command, Option da Esc ne hanyarsa ta rufe manhajar da ta maƙale.

Riƙe maɓallin kunnawa na kusan daƙiƙa 10 shi ne makamin ƙarshe. Idan ka kashe ta tana tsakiyar rubuta fayil, fayil ɗin na iya lalacewa, kuma in na Windows ne, ka ƙara wa kanka sabuwar matsala a kan tsohuwa. Bayan ta dawo, Ctrl, Shift da T za su maido maka da shafukan burauza da suka rufe.

Mataki na 3: Ka kwashe kayanka, ka fara rubutu

Kafin kowane gwaji, ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa filash, ko rumbun ajiya na waje, ko Google Drive. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan rumbun kwamfutar ne ke mutuwa, kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe.

Sannan ka ware takarda. Duk sandarewa ka rubuta lokaci, da abin da kake yi, da yawan shafukan da ke buɗe, da tsawon lokacin da ta yi a kunne, da ko tana kan caji ko batir, da ko wutar NEPA ce ko ta janareta. Bayan sau uku ko huɗu, takardar za ta fara nuna maka hanya:

- Tana lafiya da farko, sai ta yi kamar rabin awa ta sandare: zafi.
- Sai shafuka da manhajoji sun yi yawa: ƙarancin RAM.
- Sai ana kallon bidiyo ko taron Zoom: sashen hoto, ko zafi.
- Sai ana buɗe fayil ko kwafe shi: rumbun ajiya.
- Ta fara ne bayan ka saka wata manhaja ko sabuntawa: wannan manhajar.
- Sai an ɗaga ta ko an girgiza tebur: wani abu ya saki a ciki.

Mataki na 4: Ka karanta Task Manager

Ka buɗe Task Manager tun tana lafiya, ka bar shi a gefe, ka ci gaba da aikinka. Da ta fara nauyi, ka dubi layuka uku: CPU, Memory da Disk. Ka latsa kan sunan layin da ya fi cika, zai jera maka manhajoji daga mai ci da yawa zuwa mai ci kaɗan.

Idan Memory ya haura kashi 90 cikin 100, ga mai laifi nan. RAM kamar teburin tela ne: in yadi ya cika shi, dole ya riƙa kai wani cikin kabad yana ɗauko wani, ɗinki kuwa ya tsaya. Haka Windows take yi, tana kwashe abin da RAM ya kasa ɗauka zuwa rumbun ajiya, wanda ya fi shi nawa nesa ba kusa ba. Microsoft ta sa 4GB a matsayin mafi ƙarancin RAM na Windows 11, amma wannan na tayar da ita ne kawai. Mai buɗe shafuka goma da Word da WhatsApp a tare yana buƙatar 8GB.

Idan Disk ya tsaya a 100 na tsawon lokaci, ka shiga Performance ka ga ko an rubuta HDD ko SSD. Tsohon rumbu mai faifai da ke juyi, wato HDD, yana wahala ƙwarai da Windows ta yanzu, kuma shi ke cikin da yawa daga laftof na hannu da ake saya a kasuwanninmu. Idan CPU ne ya cika, ka dubi sunan mai cin. In Windows Update ne ko Antimalware Service Executable, ka ba su lokaci su gama. In suna ne da ba ka sani ba, ka rubuta shi, zai yi amfani a mataki na 9.

Abu biyu kafin ka rufe. A ƙarƙashin Performance da CPU akwai Up time, tsawon lokacin da Windows ta yi ba ta huta ba. Kada ka yi mamaki in ka ga kwanaki da yawa alhali kullum kana kashe ta, domin tsarin Fast Startup yana sa Shut down ya adana wani ɓangare na Windows ya maido shi washegari. Restart ne ke wanke ta tas. Sai kuma sashen Startup, inda za ka hana manhajojin da ba ka buƙata tashi tare da kwamfuta.

Mataki na 5: Idan burauza ce kaɗai

Nan ne mafi yawan mutane za su sami amsarsu, don haka ka bi a hankali.

Da farko ka danna Shift da Esc a cikin Chrome ko Edge. Burauza tana da nata Task Manager, wanda ke nuna abin da kowane shafi ke ci. A Firefox ka rubuta about:processes a wurin adireshi. Sau da yawa za ka tarar shafi ɗaya ne, na kallon ƙwallo kyauta ko na sauke fim, mai tallace-tallace birjik, ya cinye fiye da duk sauran. Ka rufe shi kaɗai ka ga ko numfashi ya dawo.

Na biyu, ka buɗe tagar sirri: Ctrl, Shift da N a Chrome da Edge, ko Ctrl, Shift da P a Firefox. A wannan tagar, ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, wato ekstenshan, ba sa aiki sai in kai ka ba su izini. Ka shiga shafin da ke sandarewa. In ya tafi sumul, to laifin na wani ekstenshan ne, ko na tarkacen da burauza ta adana. Ka rubuta chrome://extensions, ka kashe rabinsu, ka gwada. In matsalar ta tafi, mai laifin yana cikin waɗanda ka kashe, in tana nan, yana cikin sauran. Ka sake raba rukunin biyu har ka kama shi. Duk wanda ba ka tuna ka saka ba, ka cire shi gaba ɗaya.

Na uku, ka share tarkace da Ctrl, Shift da Delete. Ka zaɓi Cached images and files kaɗai tukuna. Share Cookies zai fitar da kai daga yawancin asusunka, don haka ka tabbata kana tuna kalmomin sirrinka kafin ka taɓa shi.

Na huɗu, idan bidiyo ne ke sandarar da ita, ka shiga Settings, sannan System, ka kashe Use graphics acceleration when available, ka sake buɗe burauzar. Wannan tsari yana miƙa aikin zane ga sashen hoto na kwamfuta, kuma in direban wannan sashe, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya tsufa, sai a sami cikas. In kashewar ta yi magani, ka san direban hoto ne ke buƙatar sabuntawa daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutarka.

Na biyar, mai ƙaramin RAM ya kunna Memory Saver a ƙarƙashin Performance, domin shafukan da ba a taɓa ba su yi barci. Ka kuma duba About Chrome ka ga ko burauzar ta sabunta. Masu Windows 7 su sani cewa Chrome 109, na farkon 2023, shi ne na ƙarshe da ke aiki a kanta, shafukan yau kuwa suna ta yin gaba.

Daga ƙarshe ka gwada wata burauzar. In Chrome na sandarewa amma Firefox lafiya lau, matsalar tana cikin Chrome, sai ka buɗe sabon furofayil ko ka latsa Reset settings. In duka biyun suna sandarewa, ka bar burauza, ciwon yana ƙasa da ita.

Wani lokaci shafi zai cika allo da jan rubutu da ƙara, ya ce kwamfutarka ta kamu da bairos, ka kira wata lamba. Damfara ce. Kada ka kira, kada ka latsa komai a cikinsa, ka rufe burauzar ta Task Manager.

Mataki na 6: Ka auna zafinta

Wannan mataki namu ne fiye da na kowa. Ƙurar hunturu tana shiga ta ramukan iska ta taru a bakin ƙarfen sanyaya har ta zama kamar auduga, sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai. Furosesa, wato CPU, in ta kusa digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, in abin ya ci tura ta kashe kwamfutar. Wannan rage gudun shi kake gani a matsayin nauyi da sandarewa.

Ka kai bayan hannunka bakin ramin da iska ke fita. Fanka tana kuka amma iska kaɗan ke fitowa? Hanya ta toshe. Babu kuka, babu iska, jiki kuma ya yi zafi? Wataƙila fankar ta mutu. Don ka tabbatar, ka sauke Core Temp ko HWMonitor daga shafinsu na asali. Digiri 40 zuwa 60 ba tare da aiki ba daidai ne. In tana 80 ko fiye alhali ba ka buɗe komai ba, ka gano matsalarka.

Ka daina ɗora laftof a kan katifa, filo ko kafet, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Tebur ko faranti mai tauri ya isa, in ka ɗan ɗaga bayanta ya fi. Don share ƙura, ka kashe ta, ka zare caja, ka hura iska da bulowa a hankali, kana tare fankar da tsinke don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Kwamfutar da ta shekara uku ko huɗu ba a buɗe ta ba tana buƙatar mai gyara ya wanke cikinta ya canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Idan kuma ka ga wurin taɓawa na laftof ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. Ka daina caji nan take, a canza shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Mataki na 7: Ka duba lafiyar rumbun ajiya

Ka buɗe This PC ka dubi rumbun C. In layinsa ya yi ja, wuri ya ƙare, kuma Windows tana buƙatar fili don aikinta na yau da kullum. Ka kwashe finafinai, ka share Downloads da Recycle Bin, ka bar aƙalla kashi 15 cikin 100 a sarari.

Sai ka sauke CrystalDiskInfo, manhaja ce kyauta da ke karanta rahoton da rumbun ke ajiyewa game da kansa. Good da shuɗi lafiya ce. Caution da rawaya gargaɗi ne. Bad da ja kuwa ajali ya kusa. Haka in kana jin ƙas-ƙas daga ciki lokacin da ta sandare. A wannan hali kada ka wahalar da shi da wani gwaji, ka kwashe fayilolinka yau, ka sayi SSD. Babu canjin da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamar wannan.

In rumbun lafiya yake, ka buɗe Command Prompt ta Run as administrator, ka rubuta sfc /scannow. Zai binciki fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace, abin da ke yawan faruwa ga kwamfutar tebur da ɗaukewar wuta ke kashewa ba shiri.

Mataki na 8: Ka duba abin da Windows ta rubuta

Ka danna Windows da R, ka rubuta perfmon /rel. Jadawali zai fito, kowace rana da layinta, da jan da'ira a ranar da wani abu ya faɗi. Ka latsa ranar, ka ga sunan manhajar da ta tsaya, ka kuma ga abin da aka saka ko aka sabunta a ranar. Ka ɗauko takardarka ka gwama. In jajayen alamun sun fara ne washegarin wata sabuntawa, ka cire ta ta Windows Update, Update history, Uninstall updates. In direba ne, Device Manager yana da Roll Back Driver da zai maido na baya.

Masu leƙa Event Viewer za su ci karo da Kernel-Power mai lamba 41. Wannan shaida ce kawai cewa kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, bai faɗi dalili ba. Kada wani ya sayar maka da sabon sashe a kan wannan lambar kaɗai.

Mataki na 9: Ka gwada ta a Safe Mode

Ka riƙe Shift ka latsa Restart. Ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4, ko 5 in kana son intanet. Windows za ta tashi da abin da ya zama dole kaɗai. Ka yi aiki da ita na tsawon lokacin da ta saba sandarewa. In ta yi lafiya, alama ta fi karkata ga manhaja ko direba. In ta sandare a nan ma, ka fi zargin jikinta.

In manhaja ce, ka fara da riga-kafin bairos. Guda biyu a kwamfuta ɗaya faɗa suke yi, kowanne yana binciken ɗan'uwansa. Ka bar ɗaya, kuma Microsoft Defender da ya zo da Windows ya wadatar da yawancin mutane. Sai manhajojin da aka fasa aka raba kyauta, waɗanda sukan zo da ɓoyayyen baƙo mai cin furosesa. Sai filash ɗin da ya zaga shagunan buga takardu ya dawo da fayilolinsa sun zama gajerun hanyoyi, alamar ya ɗauko bairos. Ka shiga Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, ka yi Full scan, sannan ka yi Offline scan, wanda ke bincike kafin Windows ta tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Ka tuna kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka mai ita ya fara shirin ƙaura.

Mataki na 10: RAM da wuta

Ka danna Windows da R, ka rubuta mdsched, ka bar ta ta sake kunnuwa ta gwada RAM. In ta ba da rahoton kuskure, kuma sandar RAM biyu ce a ciki, a cire ɗaya a gwada, sannan a musanya. Wani lokaci ciro shi da mayar da shi daram ya isa.

Ka zare duk abin da ke jone da ita, firinta, filash, modem, ka gwada ta ita kaɗai. Ka gwada laftof a kan batir zalla. In sai an jona caja take rikicewa, ko kibiya ta riƙa tsalle, ka nemi cajar asali ka gwada, ka kuma lura ko a wutar janareta abin ke faruwa. Kwamfutar tebur tana buƙatar UPS, wato na'urar ajiye wuta, domin wutar da ke hawa da sauka tana gajiyar da akwatin wutarta.

In za ka je wurin mai gyara

Ka tafi da takardarka. Maimakon ka ce masa tana hangin, ka ce: "Malam, tana kai digiri 95 cikin rabin awa, rumbunta Good ne, RAM ya wuce gwaji, a wanke fanka a canza mai." Mai gyara na ƙwarai zai ji daɗin wannan bayani, domin ka rage masa rabin aiki, kai kuma za ka biya kuɗin abin da ya lalace kaɗai. Ka nemi a ba ka duk sashen da aka cire, ka fita daga asusunka na imel da na banki kafin ka miƙa ta.

Fomat yana da ranarsa: idan zafi daidai ne, rumbu da RAM sun wuce gwaji, tana lafiya a Safe Mode, kuma ka cire duk manhajar da kake zargi amma abin bai daina ba. A lokacin ma ka fara da Reset this PC, ka zaɓi Keep my files, bayan ka tabbata kwafin fayilolinka yana hannunka a wani wuri daban.